Tsiron Kan Dutse: Kartaj da Tarihin Waɗanda Suka Faɗi

Daga cikin misalan da littattafan Linjila suka rawaito daga bakin Yesu Almasihu, misalin mai shuka ne ya fi yin magana kai tsaye a kan bangaskiyar da ke tsirowa da ɗoki ta kuma mutu da wuri, kuma ya zo a wurare uku, wato Matiyu sura 13, Markus sura 4 da Luka sura 8. Irin da manomin ya yafa ya faɗa a ƙasa iri huɗu, amma ƙasa ta biyu, wadda ake kira mai duwatsu, ita ce ta fi ɗaure wa ikilisiyar farko kai. Ƙasar da ake nufi ita ce 'yar shimfiɗar turɓaya da ke lulluɓe falalen dutse, irin wadda ta yawaita a tuddan Galili, inda ƙasar ke saurin ɗaukar ɗumi saboda rashin zurfi, har shukar da ke kanta ta riga ta sauran gona fitowa, amma da zarar rana ta buɗe sai ta yanƙwane, domin saiwarta ta ci karo da dutse tun ba ta kai ga laima ba. Bayanin da ya biyo bayan misalin ya nuna cewa wannan shi ne mutumin da ya karɓi maganar Allah nan take da murna, amma idan wahala ko tsanani ya taso saboda maganar sai ya yi tuntuɓe, kuma kalmar Girkanci da Matiyu da Markus suka siffanta shi da ita, proskairos, ma'anarta abin da ke da ɗan ƙayyadadden lokaci. Abin lura shi ne nassin bai kira mutumin nan munafuki ba, bai kuma ce murnarsa ta ƙarya ba ce. Tsiron ya fito da gaske, kuma wannan ne tushen wahalar hukunta shi.

Wannan siffa ta bazu a Littafi Mai Tsarki. Annabi Yusha'u ya kwatanta ƙaunar mutanensa da gajimaren safiya da raɓar da ke bushewa da hantsi, Linjilar Yahaya a sura 6 ta ba da labarin almajirai masu yawa da suka juya baya a Kafarnahum bayan sun ci gurasar mu'ujiza sun kuma ji koyarwar da ta yi musu nauyi, Bulus ya yi mamakin saurin sauyawar Galatiyawa, wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti ta ambaci Dimas wanda son duniya ya raba shi da aikin bishara, littafin Wahayi kuma ya zargi ikilisiyar Afisa da barin ƙaunarta ta fari, ta Lawudikiya da zama tsaka-tsaki tsakanin zafi da sanyi. Sai dai littattafan sun bayyana cutar ba tare da sun shimfiɗa tsarin da za a bi da mai ita ba, kuma abin da suka bari ya ja ta fuska biyu. Wasiƙar Ibraniyawa a sura 6 ta yi magana mai tsauri da ke nuna cewa wanda ya ɗanɗana baiwar sama sannan ya yi ridda ba shi da hanyar sabunta tuba, alhali kuwa Linjila ta nuna Bitrus, shugaban manzanni, ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, aka kuma mayar da shi kan aikin kiwon garke. Tsarin da ya daidaita waɗannan nassoshi biyu tarihi ne ya ƙera shi, kuma babu wurin da aka ƙera shi da zafi kamar birnin Kartaj a tsakiyar ƙarni na 3.

Barin addini bayan ɗan lokaci tsohon abu ne a tarihin Kiristanci, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin shaidu a kansa daga wajen ikilisiya ta fito. A wajejen shekara ta 112, Filini Ƙarami, gwamnan lardin Bitiniya da Fontus a arewacin ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa daga cikin mutanen da aka kawo ƙararsu akwai waɗanda suka ce sun taɓa zama Kirista amma sun bari, wasu shekara 3 da suka wuce, wasu har shekara 20, kuma ya gwada su ta hanyar sa su kira allolin Rum, su miƙa turare da ruwan inabi a gaban siffar sarki, su zagi Almasihu. Ikilisiyoyi sun nemi maganin wannan tun daga bakin ƙofa, ta hanyar tsawaita lokacin koyo kafin baftisma. Wanda ya nemi shiga akan sa shi a sahun masu koyo, a bincika sana'arsa da zaman aurensa, a yi masa wa'azi amma a sallame shi kafin Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu, kuma wani tsohon littafin tsarin ikilisiya da aka sani da suna Al'adar Manzanni ya ƙayyade shekara 3 ga wannan mataki. Ga wanda ya yi babban zunubi bayan baftisma kuwa, littafin Makiyayi na Harmas, wanda aka rubuta a Roma a ƙarni na 2, ya buɗe ƙofar tuba sau ɗaya tak.

Kartaj, wadda kangonta ke gefen birnin Tunis na yau, ta sake tashi a hannun Rumawa bayan sun rushe ta a shekara ta 146 kafin Miladiyya, har ta zama hedikwatar lardin Afirka da tashar da ake loda alkamar da ke ciyar da Roma. Tarihin ikilisiyarta a rubuce ya fara ne da jini, domin takarda mafi daɗewa da ta rage ita ce ta shari'ar Kiristoci 12 daga ƙauyen Sili da aka sare wa kai a birnin ranar 17 ga Yuli 180, sai kuma labarin Farfetuwa da Filisitas da aka jefa wa namun daji a 203, waɗanda aka kama tun suna sahun masu koyo. A wannan yanayi Tartuliyan, babban marubucin Latin na farko a Kiristanci, ya bayyana yadda tuban fili yake a zamaninsa: mai tuba yana sa tsumma, ya kwanta cikin toka, ya taƙaita ci da sha, ya faɗi a gaban dattawan ikilisiya, ya roƙi 'yan'uwa su yi masa addu'a, kuma ba ya samun wannan dama sau biyu. Daga baya ma Tartuliyan ya ƙara tsanantawa, ya ɗauki ra'ayin cewa bautar gumaka da zina da kisan kai sun wuce abin da ikilisiya ke da ikon yafewa. Ikilisiyar Kartaj ta gaji wannan ɗabi'a ta girmama shahidai da ƙyamar sassauci, ta kuma shiga shekaru kusan 40 na zaman lafiya da ita, inda mabiya suka ƙaru, masu dukiya suka shigo, yawancin waɗanda suka cika taron ibada kuma ba su taɓa ganin an kama kowa saboda sunan Almasihu ba.

Ɗaya daga cikin masu dukiyar da suka shigo shi ne Sifiriyan, malamin balaga mai gidaje da lambuna, wanda aka yi wa baftisma a wajejen 246, jama'a kuma suka ɗora shi kan kujerar bishop cikin shekara biyu zuwa uku, duk da adawar dattawa biyar da ke ganin sabon shiga ne. Bai daɗe a kujerar ba sai Desiyus ya hau mulkin Rum a 249, a lokacin da Gotawa ke matsa wa daular lamba a iyakar kogin Danube, ya kuma ba da umarnin cewa kowane mazaunin daular ya yi hadaya ga alloli a gaban jami'ai, ya zuba ruwan inabi, ya ɗanɗana naman hadayar, sannan ya karɓi takardar shaida da ake kira libellus. Busasshen yashin Masar ya adana irin waɗannan takardu fiye da 40, masu ɗauke da kwanan watan Yuni da Yuli na 250, da yawansu daga ƙauyen Tiyadelfiya a yankin Fayum, kuma suna nuna cewa dokar ta shafi kowa da kowa, ba ta ambaci Kirista da suna ba. Amma ga Kirista ta zama jarrabawar da ba a taɓa ganin irinta ba, domin tsananin da aka saba da shi a baya na gari guda ne ko lardi guda, kuma sai an kai ƙarar mutum, wannan kuwa ya bi gida-gida a daula baki ɗaya. Fabiyan, bishop na Roma, ya mutu a hannun hukuma ranar 20 ga Janairu 250, kujerarsa ta zauna babu kowa fiye da shekara guda.

Abin da ya faru a Kartaj ya zo cikin ɗan littafin da Sifiriyan ya rubuta a 251 game da waɗanda ake kira lapsi da Latin, wato waɗanda suka faɗi, kuma yana daga cikin shafuka masu ɗaci a tarihin ikilisiya. A cewarsa, mutane da yawa ba su jira a kama su ba, ba su ma jira a tambaye su ba, sun ruga dandalin birni da ƙafarsu, suka hau tudun haikalin manyan allolin Rum, har da yamma ta yi alƙalai suka nemi ɗage sauran zuwa gobe, wasu suka riƙa roƙon kada a jinkirta musu. Iyaye sun ɗauko jarirai, sun jawo ƙananan yara da hannu, aboki ya ƙarfafa aboki. Wasu kuma sun bi hanyar kuɗi, suka sayi takardar shaidar daga jami'ai ba tare da sun kusanci bagadin hadaya ba, kuma su ne aka kira libellatici, don a bambanta su da sacrificati, waɗanda suka yi hadayar da hannunsu. Haka lamarin ya kasance a wasu wurare. Diyonisiyus, bishop na Iskandariya, ya ba da labarin manyan mutane da suka zo wurin hadaya fuska a kwaɓe jiki na rawa, taron jama'a na yi musu ba'a, da wasu da suka zo da gaba gaɗi suna cewa ba su taɓa zama Kirista ba. A Simirna bishop ɗin kansa, Yuktimon, ya yi hadaya, a Sifen kuma bishop biyu, Basilidis da Marshiyalis, sun karɓi takarda.

Sifiriyan ya ɗora laifin a kan dogon zaman lafiya, yana ganin shi ne ya sa bangaskiya ta yi barci. Ya zayyana yadda kowa ya duƙufa wajen tara dukiya, yadda aka riƙa aure da marasa bi, yadda wasu bishop suka bar garkensu suka shiga yawon kasuwanni a larduna suna ba da bashi da ruwa, suna ƙwace gonaki da dabara, ya kuma nace cewa dukiya ce sarƙar da ta hana mutane da yawa gudu, domin wanda ya ƙi hadaya yana iya rasa dukan abin da ya mallaka. Akwai gaskiya a wannan bayani, kuma ya yi daidai da ƙasa ta uku ta misalin mai shuka, wadda ƙaya ta shaƙe, kamar yadda ya yi daidai da ta biyu. Amma ya kamata a karanta shi da sanin cewa wa'azi ne na shugaba mai neman karya taurin kan masu sauraronsa, kuma shugaban da shi kansa bai kasance a birnin ba a ranakun nan. Sifiriyan ya ɓuya a wani wuri a wajen Kartaj bayan taron jama'a ya yi ta kiran a jefa shi ga zaki, aka ƙwace dukiyarsa, ya ci gaba da tafiyar da ikilisiya ta wasiƙu sama da shekara guda, har limaman Roma suka aiko da wasiƙar da ta yi shaguɓe a kan makiyayin haya da ke barin tumaki idan ya hango kyarkeci. Yana da hujja daga Linjila, inda aka umarci almajirai su gudu daga gari zuwa gari idan an tsananta musu, amma talakan da ba shi da lambun da zai ɓuya a ciki, yana kuma da 'ya'ya a gabansa, bai sami wannan zaɓi ba.

Abin da ya sa labarin Kartaj ya zama muhimmi shi ne abin da ya biyo bayan faɗuwar. Da a ce mutanen nan tsiron kan dutse ne a cikakkiyar ma'anar misalin, da sun bushe sun watse, ikilisiya ta ragu ta ci gaba da harkarta. Amma tun tsananin bai lafa ba suka dawo bakin ƙofa da yawansu suna neman a mayar da su ga Jibin Ubangiji. Da yake bishop ba ya nan, sai suka nufi kurkuku, wurin masu shaida, wato Kiristocin da suka tsaya a gaban alƙali suka ƙi hadaya aka tsare su ko aka azabtar da su, domin an daɗe da yarda cewa roƙon wanda ya sha wuya saboda Almasihu yana da nauyi. Masu shaidar suka fara ba da takardun sulhu, wasu da sunan mutum ɗaya, wasu kuma da lafazi mai faɗi da ya haɗa mutum da duk mutanensa, har wani daga cikinsu mai suna Lukiyanus ya rubuta wa Sifiriyan da sunan masu shaida duka cewa sun yafe wa kowa, yana kafa hujja da wasiyyar wani shahidi mai suna Bulus. Cikin 'yan watanni mutum ɗaya zai iya riƙe takarda biyu, ta jami'in sarki mai shaida cewa ya yi hadaya da ta fursuna mai shaida cewa an yafe masa, kuma wannan ya nuna cewa yawancinsu ba su taɓa nufin barin Almasihu ba, tsoro ne ya fi ƙarfinsu a rana ɗaya.

Daga nan ikilisiya ta dare gida uku. A Kartaj wani dikon mai suna Filisisimus, tare da dattawan da suka yi adawa da naɗin Sifiriyan, suka tsaya a kan a karɓi kowa ba tare da jinkiri ba, daga baya suka naɗa Fortunatus bishop nasu. A Roma kuwa, inda aka zaɓi Karniliyus a watan Maris 251, wani dattijo mai zurfin ilimi, Nobatiyan, ya ɗauki kishiyar hanya, yana cewa wanda ya yi musun Almasihu sai dai a bar shi ga rahamar Allah, ikilisiya ba ta da ikon mayar da shi ko a gadon mutuwa, ya kuma sa aka naɗa shi bishop a gefe. Mabiyansa sun kira kansu tsarkaka, suka aika nasu bishop, Maksimus, zuwa Kartaj. Girman abin da ake jayayya a kai yana fitowa daga wata wasiƙar Karniliyus da ta ƙidaya ma'aikatan ikilisiyar Roma a lokacin, dattawa 46 da dikon 7 da ƙananan ma'aikata masu yawa, ban da gwauraye da mabukata sama da 1,500 da take ciyarwa. Taro mai wannan girma ba zai yiwu ya kasance na jarumai zalla ba, kuma tambayar da ke ƙarƙashin rikicin ita ce ko ikilisiya gidan waɗanda suka riga suka tabbata ne, ko kuwa gona ce da ake ci gaba da nomanta.

Bayan Ista ta 251 Sifiriyan ya dawo, ya tara bishop na lardin a majalisa, suka yanke hukuncin da ya zama tushen tsarin tuba a yammacin daular. An yarda a binciki kowane mutum shi kaɗai, a karɓi masu sayen takarda bayan bincike, waɗanda suka yi hadaya kuma su ci gaba da tuban fili a mayar da su idan mutuwa ta kusato, limamin da ya faɗi a karɓe shi a matsayin mai bi kawai ba tare da ya koma kan muƙaminsa ba, wanda kuma ya ƙi tuba yana da lafiya kada ya sa ran sulhu a ƙarshe. A wata doguwar wasiƙa zuwa ga Antoniyanus, wani bishop na Numidiya da ra'ayin Nobatiyan ya fara jan hankalinsa, Sifiriyan ya bayyana dalilin rarrabewar da hankali irin na wanda ya zauna ya saurari mutane: ba daidai ba ne a haɗa wanda ya ruga da son ransa da wanda ya yi hadaya bayan doguwar turjiya, ko a haɗa wanda ya tura iyalinsa duka da wanda ya je shi kaɗai domin ya kare matarsa da 'ya'yansa, ya kuma buɗe gidansa ga 'yan'uwa masu gudun hijira. Ya kuma juya ga misali na biyu da ke cikin Matiyu sura 13, na ciyawar da ta tsiro tare da alkama, inda maigona ya hana bayinsa tuge ta kafin kaka don kada su tuge alkamar tare, ya zargi Nobatiyan da ɗora wa kansa aikin rarrabewa da ba a ba ko manzanni ba. A nan Sifiriyan ya fi kusa da gaskiya fiye da a wa'azinsa na farko, kuma abin yabo ne cewa mutumin da ya tashi a kan littattafan Tartuliyan ya iya sauya matsayi da ya ga fuskokin mutanen da hukuncin ya shafa.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan matsayi ta fito ne daga waɗanda suka faɗi su da kansu. Sifiriyan ya ambaci mutum biyu, Kastus da Emiliyus, waɗanda azaba ta rinjaye su a karo na farko, amma da aka sake kama su suka tsaya har aka ƙone su da wuta. Wani bishop mai suna Kaldoniyus ya rubuto game da Filikus da matarsa Biktoriya da wani Lukiyus, waɗanda suka yi hadaya, aka sake gwada su suka ƙi, aka kore su daga ƙasa aka ƙwace dukiyarsu, da kuma wata mata mai suna Bona wadda mijinta ya ja ta zuwa bagadi, aka riƙe hannunta aka yi hadayar da shi tana kururuwar cewa ba ita ta yi ba, ita ma aka kore ta. A garin Kafsa, wato Gafsa ta Tunisiya a yau, an kawo wa wasu bishop batun mutum uku, Ninus da Kilimantiyanus da Filorus, waɗanda suka tsaya a gaban alƙalan gari, suka jure fushin jama'a, sai a gaban gwamna doguwar azaba ta karya su, kuma sun shekara uku suna tuba. Waɗannan sunaye suna da daraja a tarihi domin sun rushe tunanin cewa rana ɗaya ta zafi ta isa ta bayyana zurfin saiwar mutum. Kafin ƙarshen 253, da aka yi zaton sabon tsanani na tafe a ƙarƙashin Sarki Galus, majalisar bishop ta Kartaj ta yanke cewa a mayar da duk wanda ya dage a kan tubansa tun daga farko, bisa hujjar cewa ba a tura mutum fagen fama a hana shi guzuri.

A shekarun nan ne kuma annoba mai tsanani ta faɗa wa birnin, Sifiriyan ya tara jama'arsa ya umarce su da jinyar marasa lafiya har da waɗanda ba Kirista ba, ya kuma tara kuɗin Rum sastarsi 100,000 don fansar Kiristocin Numidiya da mahara suka kwashe. Da Sarki Baleriyan ya sabunta tsanani a 257, an kore shi zuwa Kurubis, wato Korba ta yau, aka dawo da shi aka sare masa kai ranar 14 ga Satumba 258 a gaban jama'arsa.

Tsarin da aka kafa ya bazu ya kuma ƙara tsari bayan babban tsananin Diyokletiyan da ya fara a 303. Majalisar Ankira ta 314 ta jera shekarun tuba gwargwadon yadda mutum ya faɗi, Majalisar Nikiya ta 325 kuma ta ƙayyade shekara 12 ga wanda ya yi ridda ba tare da tilas ba, 3 a sahun masu sauraro, 7 a sahun masu durƙuso, 2 yana addu'a tare da jama'a ba tare da cin Jibin ba, ta kuma sharɗanta wa limaman Nobatiyan masu neman dawowa su yarda su yi tarayya da waɗanda suka faɗi suka tuba. A Afirka kuwa raunin bai warke ba, domin jayayya a kan limaman da aka zarga da miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma ta haifi ɓangaren Donatus, wanda ya yi ƙarfi har a taron sasantawa na Kartaj a 411 kowane ɓangare ya zo da bishop sama da 270.

Bayan Sarki Kustantin ya rungumi Kiristanci, bangaskiya marar zurfi ta sauya kama, domin zafin da ke gwada ta ya gushe, shiga ikilisiya ma ta zama hanyar samun tagomashi. A wajejen 400 wani dikon na Kartaj mai suna Diyogaratiyas, wanda aikinsa karɓar masu neman shiga, ya nemi shawarar Agustin, bishop na Hifo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, Agustin kuma ya rubuta masa ɗan littafi a kan koyar da sababbi, inda ya yarda cewa wasu na zuwa ne don neman wata riba ko faranta wa wani babba, ya kuma gargaɗi sabon mai bi cewa zai ga taron da ke cika ikilisiya ranar idi shi ne ke cika gidan wasa ranar bukin gumaka. A wani wa'azi ya ambaci girgizar ƙasa da ta afka wa Sitifis, wato Setif, inda tsoro ya kori mutane zuwa fili na kwanaki aka yi wa kusan 2,000 baftisma. Duk da haka bai ba da shawarar a kori irin waɗannan ba. Ya ce a karɓi mai zuwa da niyya marar kyau a koyar da shi, ko ya fara son abin da ya zo yana riyawa. Da ya yi wa'azi a kan misalin mai shuka kuma, ya dage cewa ƙasar zuciya tana sauyawa, ana iya nome mai tauri, a kwashe duwatsu, a tuge ƙaya, kuma wanda yake ciyawa yau yana iya zama alkama gobe, fassarar da ta mayar da misalin kira zuwa ga gyara.

Tuban fili kansa ya yi rauni saboda nauyinsa, domin da yake sau ɗaya ake samunsa, mutane suka riƙa jinkirta shi har gadon mutuwa. Daga ƙarni na 6 sufayen Ayaland suka yaɗa al'adar furta zunubi a asirce ga limami sau da yawa, Majalisar Toledo ta 589 ta yi tir da maimaita tuba, amma sabuwar al'adar ta yi rinjaye, har Majalisar Lateran ta 1215 ta wajabta ta sau ɗaya a shekara. Kartaj kuwa ta faɗa hannun Bandalawa a 439, Rumawan Gabas suka karɓe ta a 533, rundunar Hassan bin Nu'uman ta ci ta a 698. Akwai marubutan da suka ɗauki misalin tsiron kan dutse suka ɗora wa ikilisiyar Arewacin Afirka baki ɗaya, suna cewa ta ɓace ne domin ta tsaya ga Latin ba ta kafa saiwa a harshen Berber ba, saɓanin ta Kibɗawan Masar da ta fassara littattafanta zuwa harshen ƙasa. Akwai abin dubawa a maganar harshen, amma hukuncin ya yi gaggawa irin ta Nobatiyan, domin raguwar ta ɗauki ƙarnuka. A 1076 akwai sauran babban bishop a Kartaj, mai suna Kiriyakus, ko da yake bai iya tara bishop uku da ake bukata don naɗa sabo ba, sai da aka aika wanda za a naɗa, Sarbandus, zuwa Roma wurin Fafaroma Giregori na 7 bisa roƙon sarkin Bijaya Musulmi, An-Nasir, kuma a Kairawan an tono duwatsun kaburburan Kirista masu rubutun Latin da kwanakinsu ke cikin ƙarni na 11, fiye da shekara 300 bayan cin Kartaj.